Kwalbar da Aka Bari a Gindin Firiji

Akwai wata ranar Talata da har yau ban manta da ita ba, cikin damina, shekara biyu bayan an daina fam da sule an koma naira. Lokacin ina aiki a wani gidan saukar baƙi a Kafanchan, can bayan tashar jirgi. Ku 'ya'yana da ke aikin otal yanzu, ku saurara, don abin ya shafe ku.

Mu biyar ne a gidan. Manaja a sama, sai kuku, Baba Yohanna mutumin Zonkwa, sai mai wanki da mai gadi, sai ni Saratu a ƙasan kowa. Aikina gyaran ɗakuna da ruwan sha. Kada ku raina aikin ruwan nan. Da safe in tari na famfo, wanda da damina yakan zo ja-ja kamar an wanke tukunyar ƙasa a ciki. In tafasa shi, in bari ya huce, in zuba a filta, wato wata tukunya mai hawa biyu da ke tace shi ɗigo-ɗigo. Daga nan in ɗura a tsofaffin kwalaben lemo da na wanke, in jera a firiji. Firijinmu na kananzir ne, tankinsa da lagwaninsa suna ƙasa, kuma Baba Yohanna ne ke zuba masa mai. A kwalba yake ajiye kananzir ɗin, kamar yadda kowane gida ke yi a lokacin, har gidanmu.

Sai wani injiniya ya sauka wajenmu daga Legas, yana duba aikin hanya wajen Godogodo, tare da matarsa da 'yarsu Titi mai shekara huɗu. Madam ta zo da kwalaye cike da ruwan kwalba na ƙasar waje. Mu ba mu taɓa ganin an sayi ruwa a kwalba ba. Baba Yohanna ya ɗaga ɗaya ya juya ta, ya ce wannan ruwa ya fi mu duka yawon duniya, ya hau jirgin ruwa ya hau mota, mu ko Zariya ba mu sani ba. Na taɓa kurɓar ragowar da aka bari a kofi. Gaskiya ban ji wani abu ba, kamar ruwan sama da ya kwana a kwano.

Na nuna wa Madam filtata da tukunyar tafasawa, ta yi murmushi ta gode, amma ba ta sha ba. Ko haƙori da nata take wankewa. Kullum sai ta tsayar da Titi gaban famfo ta kaɗa mata yatsa, ta nuna kwalba ta gyaɗa kai. Hausarta kaɗan ce, sai ta ce mini, “Saratu, famfo ba kyau. Kwalba kyau.” Yarinyar ta haddace sarai.

Ranar da nake ba ku labari, da hantsi, injiniyan ya fita da mota. Baba Yohanna ya durƙusa yana zuba wa firiji mai, sai manaja ya kira shi a kan naman da aka kawo. Ya ajiye kwalbar a ƙasa ya fita. Ina gyaran gado a ɗaki na biyu na ji tari, irin wanda ba ya tsayawa. Na tarar da Titi a kicin, kwalba a kwance, gaban rigarta sharkaf, bakinta na warin kananzir. Ƙishi ta ji, ta ga kwalba, ta yi abin da aka koya mata.

Baba Yohanna ya shigo, ya ɗauko manja da cokali ya ce a ɗura mata ta yi amai, haka ake yi a ƙauyensu. Ni ma abin da na sani ke nan. Madam ta shigo a guje ta ture cokalin, ba ta yarda wani abu ya sake shiga bakin 'yarta ba. Ganin gardama za ta cinye lokaci, na sunkuci yarinyar na goya ta da zanena na kama hanyar asibiti. Madam ta biyo ni, takalminta mai tsini na nutsewa a laka, har ta cire su ta jefar ta bi ni ba takalmi. Ina gudu ina jin numfashin Titi a bayana, ina cewa Yesu ka taimake mu.

Sista mai kula da ɗakin yara, wata 'yar Samaru Kataf, ta karɓe ta. Tambayarta ta farko, ko mun sa ta amai. Na ce a'a, amma saura kaɗan. Ta dube ni ta ce, “Ku gode wa Allah. Kananzir ba a ciki yake kisa ba, in ya dawo ya shiga huhu ne.” Aka cire mata rigar, aka wanke ta, likita ya sa abin aune-aunensa a ƙirjinta ya daɗe yana saurare. Ya ce da alama yawancinsa ta tofar, amma za a riƙe ta a ga yadda numfashin zai yi zuwa gobe.

A nan muka kwana, ni a ƙasa a kan tabarma, Madam a bakin gado. Da gari ya waye babu zazzaɓi, tarin ya lafa. Titi ta buɗe ido ta ce ruwa. Sista ta ɗebo daga butar da suke tafasa na famfo, ta zuba a kofin silba ta miƙa. Na kalli Madam, ina jira ta hana. Ta karɓi kofin da hannunta, ta ba 'yarta, yarinya ta shanye ta nemi ƙari. Sai a lokacin na ji ƙafafuna suna ciwo.

Da muka koma, Baba Yohanna na zaune a bakin kicin, bai ci komai ba tun jiya. Da ya ga Titi na tafiya da ƙafarta, ya rufe fuska da hula ya yi ta kuka, dattijo mai jikoki. A cikin makon nan, manaja ya sa aka sayo galan, aka shafa masa jan fenti, kananzir ya koma can bayan sito.

Yau kowa na yawo da ruwan roba, kuma kuna yawan tambayata wanne ya fi, shi ko na famfo. Ni ban yi makaranta ba. Na famfo in an tafasa an tace, na sha shi shekara da shekaru, ga ni nan. Na kwalba in hatiminsa na nan, ku ba baƙo da kwanciyar hankali. Abin da aikin ya koya mini shi ne baƙo ba ya bincike, yaro kuma ya fi shi yarda. Duk abin da suka gani a kwalbar sha, sun ɗauka wani ya riga ya duba musu. Mu ne wanin nan. Don haka in na shiga otal ɗinku na ga maganin wanke bayi a robar ruwa, kada ku ji haushi in na zubar da shi kafin in gaishe ku.