Gaisuwar Kawu Da Ɗaga Ƙarfe

Jiya na ajiye ƙarfe ke nan ina haki, sai ga Kawu Isa dillalin shanu ya leƙo. Wurin motsa jikinmu a Zongo bakin titi yake, ni kuwa ban iya barin babba ya wuce ban gaishe shi ba.

Muka fara: ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya kasuwa. Kafin mu gama labarin bijiminsa mai ɗingishi, gumina ya bushe, jiki ya yi sanyi. Na koma zan ɗaga, kafaɗata ta amsa.

Kocinmu Sabi'u ya ce, "Yaya, wannan hutun naka zai ji maka ciwo. In ƙarfe marar nauyi ne, ka tsaya a 'ina gajiya' ka dawo. In mai nauyi ne, na yarda ka kai 'ya iyali'. Amma kada ka tambayi shanu."

Kawu ya ce, "Yaro, ai shanun su ne gaisuwar."

Yau na tarar Sabi'u ya juya bencina yana kallon bango, don kada in hango masu wucewa. Kawu ya zo ya gaishe ni ta ƙeya. Wallahi sai da muka kai kan bijimin.

'Yan'uwa masu ɗaga ƙarfe, a ina kuke yanke gaisuwar babba?