Ramukan Zauren Koriya

A otal ɗin da na yi aiki a Madina akwai wani zaure a hawan sama da muke kira zauren Koriya. An ce irin ɗakin liyafar mutanen ƙasar ne: daɓen katako, ƙofofin takarda masu zamewa, gajerun tebura, a cire takalmi a zauna a ƙasa. Ni ce mai kula da bukukuwan mata a cikinsa. Hausawanmu na son sa, don nan ne tsohuwa za ta miƙe ƙafa ta ci da hannu babu mai kallonta.

Shi ya sa da aka sa ranar auren 'yata na kama shi. Inna, mahaifiyata, ta daɗe ba ta fita sai asibiti, kuma ta ce ita da kujerar biki har abada. Da ƙyar ta yarda za ta zo, shi ma don na rantse mata a ƙasa za a zauna.

Ana haka aka kawo sabon manaja, mai ɗaga hanci da turare kamar ya yi wanka da shi. Tun ranar farko jinina bai haɗu da nasa ba. Ya ce zaure ya tsufa, ya ɗauko wani gwani daga Koriya, aka rufe ƙofa aka yi ta buge-buge. Na tambaye shi ko zaman ƙasa na nan.

"Mafi mushkila, Hajiya," ya ce da Larabci, wato babu matsala, idonsa na kan waya.

Da aka buɗe, sai na tarar an fafe daɓen. Ƙarƙashin kowane tebur dogon rami ne, wai mutum ya zauna a baki ya zura ƙafafu, wai gwiwoyin mutanen yanzu ba sa lanƙwasuwa. Katako dai ya yi ƙyalli, wannan ban musa ba. Na roƙe shi a rufe ramukan na yini ɗaya kawai. Ya ce ba zai ɓata tsarinsa don bikin ma'aikaciya ba. Wallahi da ina da iko da na shaƙe shi.

Ranar biki ina gida wajen shirin amarya. Ma'aikata kuwa suka yi abin da suka saba yi duk bikin Hausawa: suka kwashe tebura, tunda mu a faranti ɗaya muke ci a kan shimfiɗa. Na shigo riƙe da hannun Inna, sai ga ramuka a buɗe, jere reras. Ta tsaya cak a bakin ƙofa.

"Ke, wannan ai maƙabarta ce," ta ce. "Ina da raina za ki zura ni a rami? Maƙabartar Baƙi'a na nan tana jirana, ba sai kin yi gaggawa ba."

"Inna, don Allah, yanzu za a mayar da teburan."

"Halas, zance ya ƙare. Mayar da ni sayyara."

Babu irin magiyar da ban yi ba. A mota ta zauna har aka watse. 'Yata ta sauko da kayan amarci a jikinta, ta durƙusa a kan kwalta a wurin ajiye motoci, Inna ta miƙo hannu ta taga ta dafa mata kai ta sa albarka. Ni kuwa har muka isa gida ba ta dube ni ba.