Askar gidansu Malam a tsohuwar mujalla

Sai da Gwaggo ta ɗora yatsa a kan hoton, sannan na gane abin da Malam ya daɗe yana nema.

Malam mijina, Allah ya jiƙansa, duk direban da zai tsallaka iyaka ta Magama sai ya roƙe shi ya nemo masa tsofaffin mujallu masu hotunan yaƙin Jamus a Maraɗi. Ni a ganina abincin gara ne kawai. Ƙullin ƙarshe ya iso yana kwance, bai samu ya buɗe ba.

Da na fita takaba, ƙannensa suka ce a ba mai tsire. Ina kwancewa, Gwaggo ƙanwar mahaifinsa ta ɗauki guda. Hoton 'yan dako ne a jere, ba takalmi, akwatunan harsashi a ka.

"Ke ɗiyar nan, matso da shi haske. Kin ga kuncin wannan? Askar gidanmu ce."

"Gwaggo, kin san shi?"

"Ina zan san shi? Nasara sun kwashi kakana daga nan Jibiya, babana yana goye. Ba gawa, ba kabari. Amma wannan tsagar, hannun wanzamanmu ne."

Ikon Allah, mutumin da aka daina jira, ga shi yana kallonmu.

Na hana a fitar da ko warƙa ɗaya.

Jama'a, ko akwai wanda aka tafi da kakansa haka?

Rubutun ƙasan hoton da Faransanci yake. Har yau ba a karanta mini shi ba.