Idon da Na Hana Likita

Abin da na mallaka a lokacin ba shi da wuyar ƙirgawa: ido biyu da sana'a ɗaya. Na hagu yanar ido ta rufe shi ruf, ko hannu aka kaɗa a gabansa sai dai in ji iska. Na dama kuwa shi ne jarina. Da shi nake sayen riɗi a kasuwannin Baure da Zango da Babban Mutum, in ɗebi tafi guda in duba, in gane ko an haɗa shi da yashi. Ba gadon sana'ar na yi ba, da kwanon awo ɗaya na fara. Saboda haka da likitan ido ya ce duka biyun suna da yana, sai an yi musu aiki, a fara da na hagu, na dama ya biyo baya, sai na ce masa, "Likita, na hagun na ba ka, dama asara ce. Na dama kuwa kada ka taɓa mini, lafiyarsa ƙalau."

Ya ce, "To, Baba. Ka je ka dawo."

Aka yi aikin a tsakiyar damina. Aka hana ni ƙura da sunkuyo da ɗaukar buhu, wato an hana ni kasuwa ke nan. Aka ɗora mini baƙin gilashi, na zauna a ɗaki ina ta faɗa da kowa. Da matata ta gaji, wata safiya bayan an kwana ana ruwa sai ta ce, "Baban yara, tashi. Ƙasa ta jiƙe, babu ƙura. Zo mu taka, kafin ka cinye mu da masifa."

Muka bi hanyar gonaki ta gabas da gari. Da muka kai inuwar wata tsamiya sai na zare gilashin don in share zufa.

Kai! Tsayawa na yi cak. Gero ya kai kafaɗa, kowane ganye da ɗigon ruwa a bakinsa yana walƙiya. Can gaba wani gawo ya zubar da ganyensa kamar yadda ya saba da damina, ina ganin rassansa ɗaya bayan ɗaya har ƙayoyin. Na daɗe ina ganinsa kamar hayaƙi a tsaye.

"Maman yara, wa ya wanke duniya?"

"Mayar da gilashin nan kafin ka ja mana wani aikin!"

"Tsaya tukuna. Balbelun can da ke bin shanu, yaushe suka koma farare haka?"

"Tun ranar da Allah ya halicce su."

Na juyo na dube ta. "Wannan zanen naki ba ruwan ƙasa ba ne?"

"Shuɗi ne. Kai ka sayo mini, har kana yabon kanka wai ka zaɓo wanda ba ya nuna datti."

Na tuntsire da dariya har ta riƙe mini hannu, wai kada ɗinkin ya buɗe. Na ja ta zuwa wata gonar riɗi da ke fure. Na tsufa ina sayen riɗi, amma na manta furensa fari ne da ɗan shunayya a ciki, ga ƙudan zuma suna shiga suna fita. Mai gonar, wani dattijo da nake sayen kayansa, ya ɗago daga noma ya ce, "Mai riɗi, yau kuma furen za ka saya?" Na ce masa ido ne ya dawo. Ya ce, "Alhamdu lillahi!" Na ce, "Wallahi kuwa, Malam, godiya ta tabbata gare shi."

A nan halin ɗan kasuwa ya motsa mini, na ce bari in gwada kaya biyu gefe da gefe. Na sa tafi na rufe sabon idon, na duba da na dama, wanda nake taƙama da shi. Sai rana ta dushe. Furen ya koma launin tsohuwar takarda, sararin sama kamar an zuba masa ruwan shayi. Na buɗe, duniya ta dawo. Na sake rufewa. Na yi ta yi kamar yaro.

Mu Kirista ba mu da yawa a ƙasar Daura, cocinmu ɗan ƙarami ne, kowa ya san wurin zamansa. Sau da yawa fasto yana wa'azi a kan Yesu Almasihu da hasken da yake kawowa, ni kuwa in gyaɗa kai ina tunanin mashaya da ɓarayi. A bakin gonar nan na ga inda maganar ta shafe ni. Wanda ke cikin baƙin duhu ya san halin da yake ciki, da kansa yake neman mai ja masa hannu, kamar yadda na miƙa idon hagu ba gardama. Dishi-dishi shi ne abin tsoro, don a hankali yake zuwa har mutum ya saba, ya riƙa kiransa haske. Haka nake yi da Ubangiji. Abin da ya lalace in kai masa a addu'a, amma wayona da lissafina in ce kada a taɓa, lafiyarsu ƙalau.

Muka tsaya a ƙarƙashin gawon, matata ta yi mana addu'a gajeriya, ni idona a buɗe, na kasa rufewa.

Na koma wurin likita na ba shi na daman. Ranar da ya sa mini ta faɗa daidai farkon kaka, lokacin da sabon riɗi ke fitowa. Ban nemi a ɗaga ba.

Ga yadda lissafin ya tashi. Na rasa sayen farko na shekarar gaba ɗaya, kuma manoma biyu da suka saba da ni suka koma wurin wani dillali, har yau ba su dawo ba. Asara ce ta gaske, ba zan ɓoye ba. A ɗaya gefen kuma ina da ido biyu masu gani, ga fitar safiya da ban ƙara fasawa ba in dai ba ranar kasuwa ba ce. Na auna sau da dama, kullum ni ke da riba.