Irin Inna a Shingen Duwan

Shekarar babban fari, ina koyarwa a lakol a Gazawa, na raka Inna ganin Kawu a Najeriya. Ƙulli ɗaya muka ɗauka: irin geronta na ƙarshe, cakuɗe da toka saboda ƙwari. Ta ce in ya ƙara wata guda a gidanmu, a tukunya za mu shuka shi. Gara Kawu ya ajiye mana har damina.

Lokacin an hana fita da hatsi. A shingen kan iyaka ɗan duwan, wato kwastan, ya ce mu faɗi abin da muke ɗauke da shi. Na jero masa Faransanci mai tsabta, ko kallona bai yi ba. Ya kwance ƙullin.

"Inna, wannan abinci ne. Ba ya fita."

"Ɗana, iri ne. Ɗanɗana ka ji."

Ya watsa kaɗan a baki, ya tauna, ya tofar. Ya daɗe yana kallon geron, sannan ya ɗebi tafi guda ya zuba a aljihu.

"Babana ya cinye nasa irin," in ji shi. "Ku wuce."