Ranar Da Aka Kashe Masa Lasifika

Jiya ƙamshin daddawa ya tare ni a matakalar gidanmu, sai wani dattijo da na sani ya faɗo mini a rai. Ɗan daudu ne, da zanensa da carbinsa. Duk Bahaushen da aka kora daga haya a unguwar Madinat Nasr, can ƙasar Larabawa, falonsa yake kwana. Kullum maganarsa: "Yalla, shigo, ci tukuna."

Ranar taron 'yan ƙasarmu mazauna can ya miƙe zai yi magana kan marasa makwanci. Wani ɗalibi ya kashe lasifikar: "Khalas, ya isa, Baba, nan wurin malamai ne."

Ɗalibin da ya shafe lokacin sanyi guda yana cin tuwon dattijon!

Dattijon ya ɗaga murya: "Na tsufa. Wa zai karɓi baƙina bayana?"

Aka ci gaba da taro.

Ubangiji, Ka saurare shi, tunda bayinKa sun ƙi.