Baba Auduga, Sun Kawo Fenti

"Muddin ina kan kujerar nan, ba wanda zai taɓa ƙarafunan nan sai an gama gwajin." Shugaban asibitinmu ne ya faɗi haka shekara biyu da suka wuce, a gaban ma'aikata, hannunsa dafe da kafaɗarka, Baba Auduga. Na fara da maganarsa don kada ya ce ya manta. Zan dawo kansa.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga wata, da hantsi, Allah Ya karɓi ran ma'aikacin ɗakin gwajinmu, wanda yara da manya ke kira Baba Auduga, bayan jinyar zuciya ta kwana huɗu.

Baba, ni ce shugabar masu jinya a ɗakin yara, kuma ka san abin da ya daɗe yana ci mini rai: a kawo yaro da karaya, ya koma gida da gudawa ko tarin da bai zo da shi ba. Kullum faɗana a kan wanke hannu yake. Kai ne ka tsaya wata rana ka ce, "Sista, hannun da aka wanke, me yake fara taɓawa?" Ka nuna mini mariƙin ƙofa.

Ka karanta cewa ƙwayoyin cuta ba sa daɗewa a kan jan ƙarfe, amma ka ce sai ka gani da idonka a ɗakinmu. Da naci ka sa aka sauya mariƙan ƙofa, da ƙarafunan gefen gado, da kan famfo, duk aka mayar da su na jan ƙarfe. Ɗakin da ke kallon namu ka bar shi da farin ƙarfensa don a kwatanta. Safe da yamma kana zagayawa da tsinken auduga da 'yan kwalabe a aljihu, kana gogawa, kana rubutawa. Yara na bin ka da ido, kai kuma kana gaishe da kowane gado kamar ka zo zumunci.

Ba zan ɓoye laifina ba. A makon farko na ga ƙarfen ya fara duhu, raina ya ɓaci, na sa masu shara suka goge shi da man ƙyalli har yana ɗaukar ido. Da ka shigo ka gani, sai ka zauna a bakin gado ka dafe kai. Na shirya faɗa, don ni ba na rasa amsa. Sai ka yi dariya ka ce, "Sista, kin sa wa ƙwayoyin katifa. Yanzu a kan mai za su kwanta." Ka ɗauko ruwa da sabulu ka wanke da kanka, ka zubar da aikin mako guda, kuma ba ka taɓa faɗa wa kowa ni na sa ba. Ranar na koyi cewa duhun nan ba datti ba ne, kuma duk abin da ya shiga tsakanin ƙarfen da hannu ya kashe aikin.

Da jikata ta kwanta a ɗakin wata biyu ta fita lafiya, na zo ina rawar jiki na ce ƙarfenka ne. Ka ce, "Allah ne. Yarinya ɗaya ba hujja ba ce, ko da jikarki ce." Haushi ya kama ni, amma shi ya sa na yarda da duk abin da ka rubuta. Na gode, Baba. Iyaye da yawa ba su san sunanka ba, na gode a madadinsu.

Saura mako goma sha ɗaya gwajin ya cika. Kwana biyar da binne ka, masu fenti suka shigo da farin fenti, wai manyan hukumar asibiti za su zo ranar Litinin mai zuwa, ƙarfen ya yi muni. Na ce, "Wa ya aiko ku?" Suka ce shugaba. Na karɓi gwangwanayen na kulle a ɗakin ajiya, mabuɗin yana wuyana. Tun ranar da ka kwanta ni nake gogawa da tsinken auduga safe da yamma yadda ka koya mini, wata abokiyar aikinka a ɗakin gwaji tana dubawa. Ba a tsallake ko rana ɗaya ba.

Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa duk yaron da ya fita lafiya ya zama shaida a gare ka. Ga maiɗakinka da 'ya'yanka mata uku, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya muku. Mahaifinku mutumin kirki ne, a bakin aiki na san shi.

Ranka ya daɗe, shugaba: ina jiran takardar janye umarnin fenti, da sa hannunka, zuwa ƙarfe sha biyun ranar Alhamis. In ba ta zo ba, ranar Litinin ni zan tari baƙinka a ƙofar ɗakin yara, littattafan Baba a hannuna. Zan sa kowannensu ya riƙe wannan baƙin mariƙin, sannan in karanta musu alkawarinka, kana tsaye.